Daftarin Jefferson, jiragen Bonny da rubutun Umar: Rumbunan intanet na koyar da tarihin Amurka na farko

Duk wanda ya taɓa kwana yana rubuta wa maigidansa jawabi, gari ya waye aka dawo masa da takardar an yi mata kaca-kaca da jan biro, zai tausaya wa Thomas Jefferson. A watan Yunin 1776, yana ɗan shekara 33, aka ɗora masa aikin tsara takardar da yankuna 13 na gaɓar gabashin Amurka za su shelanta rabuwarsu da Birtaniya. Benjamin Franklin da John Adams ne suka fara dubawa, suka taɓa 'yan kalmomi nan da can. Amma da takardar ta shiga zauren wakilai a Philadelphia, sai aka tasa ta gaba daga ranar 2 zuwa 4 ga Yuli, aka zubar da kusan rubu'inta. Abin ya ɓata wa Jefferson rai, har ya zauna ya kwafe nasa na asali da hannu ya aika wa abokansa, ciki har da Richard Henry Lee, don su auna da kansu ko gyaran ya ƙara mata armashi ko ya rage.

Ni da nake cin abinci da datse rubutun mutane ba ni da bakin zargin wakilan. Akasarin abin da suka cire, takardar ta fi kyau babu shi. Sai dai akwai sakin layi guda da cire shi ya wuce batun salo. A cikinsa Jefferson ya tuhumi Sarki George na Uku da laifin fataucin bayi, wato kamo mutanen Afirka da ba su tsare masa komai ba a kai su bauta a ƙetaren teku. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa an share wurin ne don a faranta wa South Carolina da Georgia, kuma wasu 'yan arewacin ƙasar ma bai yi musu daɗi ba, tunda jiragensu na cikin masu jigilar. Mutumin da ya rubuta wannan tuhuma kuwa ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa.

Daftarin yana nan har yau, da goge-gogensa da ƙare-ƙarensa, a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. A da, sai mai biza ko mai littafi mai tsada ke ganinsa. Yanzu malamin da ke Kubwa ko Nyanya zai buɗe hotonsa a waya, ya ajiye shi gefe da gefe da takardar da aka amince da ita, ya ce wa ɗalibai su nemo abin da ya ɓace, su faɗi wanda ɓacewar ta yi wa amfani. Irin wannan darasi shi ne babban abin da intanet ta kawo wa koyar da tarihin Amurka na farko: takardun asali sun fito fili, kyauta, kuma yaro na iya tuhumar littafin karatunsa da su.

Lokacin ma ya dace da maganar. Ranar 4 ga Yulin 2026 ce cikar Amurka shekara 250, kuma Amurkawa ba su daidaita a kan yadda za a ba da labarin ba. A watan Agustan 2019 jaridar New York Times ta fito da wani shiri, ƙarƙashin jagorancin Nikole Hannah-Jones, da ya ɗauki shekarar 1619, lokacin da aka sauke 'yan Afirka na farko a Virginia, a matsayin mafarin da ya kamata a duba. Wasu manyan masana tarihi suka soki sassansa. Shugaba Donald Trump ya kafa kwamitin 1776 don mayar da martani, kwamitin ya fitar da rahoto a Janairun 2021, Joe Biden ya rushe shi ranar da ya sha rantsuwa. Wanda zai koyar da wannan tarihi daga nesa, idan ya dogara da labarin ɓangare guda, ya zama ɗan amshin shata a rigimar da ba tasa ba. Mu kuma muna da dalilinmu na son sanin tushen: tun daga kundin tsarin mulkin 1979 muke tafiya a kan tsarin shugaban ƙasa da majalisu biyu da muka aro daga can.

Wace mallaka ake nufi?

Tun kafin a buɗe kowane shafi, akwai kalmar da ke rikita ɗalibin Najeriya. Idan ya ji an ce Amurka ta ƙwaci 'yanci daga mulkin mallakar Birtaniya, sai ya hango irin namu: baƙi 'yan kaɗan suna mulkin 'yan ƙasa, 'yan ƙasa suka karɓi abinsu a 1960. A Amurka, waɗanda suka yi tawaye a 1776 jikokin baƙin ne da suka zo suka zauna, suka ture masu ƙasar. Daga cikin abubuwan da suka fusata su har da dokar da sarki ya kafa a 1763, wadda ta hana su tsallaka tsaunukan Appalachia su ci ƙasar 'yan asali. Rubutun dokar yana shafin Avalon Project na tsangayar shari'a ta Jami'ar Yale, tare da takardun izinin kafa yankunan, da yarjejeniyar da fasinjojin jirgin Mayflower suka sa wa hannu a 1620, da sauran kundaye, an jera su ƙarni bayan ƙarni. Shafin tsohon yayi ne, babu ado babu hoto, amma hakan ya sa yake buɗewa ko da layi ya yi rauni.

Kuma Ingilishi ba su ne na farko ba. Sifaniyawa sun kafa St. Augustine a Florida a 1565, shekara 42 kafin Jamestown. Faransawa sun kafa Quebec a 1608. Birnin New York na yau, sunansa New Amsterdam a hannun mutanen Holan har zuwa 1664, kuma cibiyar New Netherland Institute ta sa fassarar takardun majalisarsa da wasiƙun gwamnoninsa a intanet.

Fayilolin manya

Ma'aikacin gwamnati ya san cewa gaskiyar ofis tana cikin fayil, abin da ake faɗa a taron manema labarai kwalliya ce. Founders Online shi ne fayil ɗin waɗanda suka kafa Amurka. Hukumar adana takardun tarihi ta ƙasar ce ta buɗe shi a 2013, tare da maɗaba'ar Jami'ar Virginia, kuma yana ɗauke da takardu fiye da 180,000 na George Washington da Franklin da Adams da Jefferson da Alexander Hamilton da James Madison da John Jay. An buga su da haruffan zamani, an sa musu bayanan masana a ƙasa, ana bincike da suna ko kwanan wata ko kalma.

Ga misalin abin da za a iya ginawa da shi. A watan Mayun 1796, wata baiwar Martha Washington mai suna Ona Judge ta sulale daga gidan shugaban ƙasa a Philadelphia yayin da iyalin ke cin abinci, ta hau jirgin ruwa zuwa Portsmouth a New Hampshire. Aka buga cigiyarta a jarida da ladan dala 10. Da Washington ya ji inda take, sai ya rubuta wa sakataren baitulmalinsa, Oliver Wolcott, ranar 1 ga Satumba, cewa ya sa shugaban kwastam na Portsmouth, Joseph Whipple, ya kama ta a asirce ya jefa ta jirgi. Dokar kamo bayi masu gudu da shi kansa ya sa wa hannu a 1793 ta tanadi a gabatar da hujja gaban alƙali. Wasiƙar ta bi ta bayan wannan tanadi. Whipple ya gana da matar, ya rubuto cewa ta yarda ta koma idan za a yi mata alkawarin 'yanci bayan rasuwar iyayen gidanta. Washington ya ƙi. Jami'in kwastam ɗin kuma, cikin ladabi, ya bar maganar ta shiririce. Ona Judge ta rasu a New Hampshire a 1848, ba ta koma ba.

Wasiƙu uku ko huɗu ke nan, ba su fi shafi biyar ba, amma a cikinsu akwai bauta, akwai amfani da ofis don buƙatar gida, akwai ƙaramin ma'aikacin da umarni ya zo masa daga sama ya rasa yadda zai ce a'a kai tsaye. Ban san hadimin da zai karanta su bai yi shiru na ɗan lokaci ba.

Gidajen tarihin waɗannan shugabanni ma sun buɗe nasu rumbunan. Na Mount Vernon, gandun Washington, yana da kundin sunayen bayin da suka zauna a wurin, waɗanda yawansu ya kai 317 a 1799. Shi da na Monticello, gidan Jefferson, kowanne ya ware shafi na musamman ga maganganun da ake jingina wa mai gidan alhali bai faɗa ba. Mai rubuta jawabi da ke son ƙawata shi da zancen Jefferson, ya leƙa can tukuna kafin ya sa maigidansa ya ji kunya a gaban baƙi. Labarin nan na cewa Washington ya sare bishiyar mahaifinsa yana yaro ya ƙi yin ƙarya, wani mai wa'azi kuma mai tallar littattafai, Mason Locke Weems, ne ya shigar da shi a bugun 1806 na littafinsa, shekara bakwai bayan rasuwar mai labarin.

Hoto guda, shaidu da yawa

Tarin takardu kaɗai ba ya koyarwa. Ajin da aka zuba wa wasiƙar ƙarni na 18 babu jagora, barci zai yi. A nan ne aikin Sam Wineburg da abokansa na Jami'ar Stanford ya shigo. Shirinsu mai suna Reading Like a Historian, wanda yanzu ƙungiyar Digital Inquiry Group ke riƙe da shi, yana ba da darussa kammalallu bayan an yi rajista kyauta. Kowane darasi yana farawa da tambaya guda, sai gajerun takardu biyu zuwa biyar da ke saɓa wa juna, an sauƙaƙa Turancinsu, an kuma ajiye na asali ga mai so. Ana horar da yaro ya tambayi wa ya rubuta, yaushe, don wa, a wane hali, kuma wace takarda ce ta goyi bayansa.

Darasinsu na harbin Boston ya isa misali. Daren 5 ga Maris na 1770, sojojin Birtaniya suka buɗe wuta a gaban ofishin kwastam, mutum biyar suka mutu, ciki har da Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa mai jinin Afirka da na 'yan asali. Bayan kamar mako uku Paul Revere ya fitar da wani zane da ya zagaye yankunan: sojoji a sahu, kwamanda ya ɗaga takobi, jama'a tsaye hannu rabbana. Shi kuma kwamandan, Kyaftin Thomas Preston, ya ce taron ne ya kewaye su da sanduna da jifa da curin ƙanƙara, kuma bai ba da umarnin harbi ba. Lauyan da ya kare sojojin a kotu shi ne John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyu, kuma bayanansa na shari'ar suna Founders Online. Aka sallami Preston da sojoji shida, biyu aka same su da kisa ba da gangan ba, aka yi musu lalas a babban yatsa. Yaron da ya ga yadda zanen Revere ya riga hukuncin kotu isa zukatan mutane, ya fara fahimtar abin da gajeren bidiyo ke yi a WhatsApp.

Hukumar adana takardun tarihi tana da nata shafin malamai, DocsTeach, inda malami ke zaɓar takardu ya haɗa aikin aji da kansa. Ɗakin Karatu na Majalisa ma yana da ƙunshin takardu da aka tsara bisa jigo, da takardar tambayoyi mai shafi ɗaya da za a iya bugawa a raba.

Ni kuwa wanda ya fi kama ni shi ne rumbun shari'o'in maita na Salem da Jami'ar Virginia ta tattara. Na fara sanin Salem ne a ajin adabi, ta wasan kwaikwayon Arthur Miller na 1953, The Crucible, kuma na daɗe ina ɗaukar wasan a matsayin tarihi. Takardun kotun suka warware mini. Abigail Williams da Miller ya mayar budurwa 'yar shekara 17 don ya ƙulla soyayya tsakaninta da John Proctor, yarinya ce 'yar shekara 11 ko 12, shi kuma Proctor ya doshi 60. Tituba, baiwar da aka fara zarga, takardun 1692 'yar asalin nahiyar Amurka suke kiranta. Marubutan baya ne suka mayar da ita 'yar Afirka. An rataye mutum 19, an danne Giles Corey da duwatsu har ya mutu don ya ƙi amsa tuhuma, wasu suka mutu a kurkuku. Kotun ta karɓi shaidar wanda zai ce ya ga kurwar maƙwabciyarsa ta zo tana mintsininsa da dare, shaidar da babu yadda za a yi wanda ake zargi ya musanta. Gwamna William Phips ya rushe kotun a watan Oktoba na shekarar, ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya nemi gafara a bainar jama'a a 1697, aka biya iyalai diyya a 1711. A cikin rumbun akwai sammaci, da tambayoyin masu bincike, da koke-koken iyalai suna lissafa kuɗin abinci da na zaman kurkuku da aka karɓa a hannunsu. A ƙasar da har yanzu ake jin an yi wa tsohuwa taron dangi da sunan maita, ba sai an yi wa ɗalibi dogon bayanin dalilin karanta su ba.

Jiragen da suka tashi daga gaɓarmu

A ƙarshen watan Agustan 1619 wani jirgin 'yan fashin teku na Ingila mai suna White Lion ya tsaya a Point Comfort da ke Virginia, ya sayar da 'yan Afirka ashirin da wani abu a madadin abinci. An ƙwato su ne daga wani jirgin Fotugal da ya taso daga Luanda zai tafi Veracruz. Wata guda kafin nan, ranar 30 ga Yuli, majalisar wakilai ta farko ta zauna a Jamestown. Shafin Encyclopedia Virginia yana da bayanan abubuwan biyu da takardunsu, da kuma dokokin da suka biyo baya suna ɗaure bauta sannu a hankali, kamar ta 1662 da ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. Da wannan doka, ubangidan da ya haihu da baiwarsa ya ƙara dukiya ke nan.

Babban rumbun wannan fanni shi ne SlaveVoyages, aikin shekaru da dama na David Eltis da sauran masana, wanda ya fara fitowa a faifai a 1999 ya hau intanet a 2008. Yana da bayanan tafiye-tafiye kusan 36,000: sunan jirgi, kyaftin, tashar da ya yi lodi, yawan mutanen da aka ɗora, yawan waɗanda suka isa. Ƙiyasinsa shi ne an ɗori mutum miliyan 12.5 daga Afirka, miliyan 10.7 suka sauka da rai. Daga cikinsu, waɗanda aka kai Arewacin Amurka kai tsaye kimanin 388,000 ne kawai. Mafi yawa Birazil da tsibiran Karebiyan aka nufa da su. Wannan adadi kaɗai yana gyara hoton da finafinai suka dasa wa yara.

Amfaninsa a aji shi ne ana iya tace bayanan. Malami zai zaɓi Bonny ko Tsohuwar Kalaba a matsayin tashar lodi, ya zaɓi Virginia a matsayin masauki, ya taƙaita shekarun zuwa 1700 da 1750, sai jerin jirage ya fito, domin babban kaso na waɗanda suka noma taba a Virginia a wancan zamani daga gaɓar tekun Biyafara aka kwaso su. Sai a ba kowane yaro jirgi guda ya lissafa bambancin waɗanda suka hau da waɗanda suka sauka. Akwai kuma sashen sunaye fiye da 90,000 na mutanen da aka ceto daga jiragen da aka kama bayan haramta cinikin, waɗanda kotuna a Freetown da Havana suka rubuta da shekarunsu da tsayinsu.

A nan sai malami ya yi hattara da son kai labari inda bai je ba. Hausawan da aka sayar zuwa ƙetaren teku sun fi yawa ne a farkon ƙarni na 19, zamanin yaƙe-yaƙen jihadi, ta tashoshin Legas da maƙwabtanta, kuma Bahia ta Birazil aka fi kai su, inda suka tayar da bore a 1807 da 1809 da 1814. A lokacin Amurka ta riga ta zama ƙasa, ta kuma haramta shigo da bayi daga 1 ga Janairun 1808. Haka labarin Olaudah Equiano, wanda littafinsa na 1789 yake kyauta a shafin Documenting the American South na Jami'ar North Carolina: ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi, amma masani Vincent Carretta ya gano takardar baftismarsa ta 1759 da rajistar wani jirgi ta 1773, duka biyun sun ce Carolina. Masana na ta muhawara har yau. A ba ɗalibai hujjojin biyu su gwada ƙwanjinsu.

Muryar masu ƙasa ita ce mafi ƙaranci a duk waɗannan rumbuna, tunda alƙalami yana hannun baƙi. Gidan tarihin 'yan asalin Amurka na cibiyar Smithsonian yana da shirin malamai, Native Knowledge 360°. Kwalejin Dartmouth kuma ta sa takardun Samson Occom a intanet, ɗan ƙabilar Mohegan mai wa'azi da ya zagaya Birtaniya daga 1766 zuwa 1768 yana tara kuɗin makarantar yaran 'yan asali, ya dawo ya tarar malaminsa Eleazar Wheelock ya karkatar da su ga kafa kwalejin da ta fi karɓar 'ya'yan Turawa. A 2022 kwalejin ta mayar wa ƙabilarsa takardun na asali.

Kafin a shiga aji

Wanda ke buƙatar littafin da zai ɗaure masa zaren labarin, akwai biyu na kyauta. The American Yawp, wanda Joseph Locke da Ben Wright suka shirya da gudunmawar ɗaruruwan masana, yana da kundin takardun asali da ke tafiya da kowane babi. Na OpenStax, na Jami'ar Rice, ana sauke shi gaba ɗaya a karanta babu data. Cibiyar Gilder Lehrman, da aka kafa a 1994, tana da maƙaloli da laccoci masu kyau, sai dai wasu kayanta sai an yi rajista.

Tsohon bugun Turanci yana da tarkonsa. Akwai doguwar “s” mai kama da “f”, wadda ke sa yara dariya a ranar farko, ga rubutun kalma guda iri uku a shafi ɗaya. Kwanan wata ma haka. Har zuwa 1752 Ingila da yankunanta na bin tsohuwar kalanda, shekara na farawa ranar 25 ga Maris. Da aka sauya, aka tsallake kwana 11 a watan Satumba. Shi ya sa haihuwar Washington take 11 ga Fabrairun 1731 a wata takarda, 22 ga Fabrairun 1732 a wata, kuma duka daidai ne.

Shawarata ta ƙarshe a nan: abin da ka ga zai yi maka amfani, ka sauke ka ajiye. Yawancin waɗannan ayyuka da tallafin gwamnati ko na jami'a suke rayuwa, kuma a watan Afrilun 2025 an soke tallafi masu yawa na hukumar NEH mai ɗaukar nauyin irinsu. Shafin da ke nan yau yana iya zama babu mai kula da shi baɗi.

Takardun da ɗan makarantar allo zai karanta

A 1731 wani Bafulatani ɗan malamai daga Bundu, a gabashin Senegal ta yau, mai suna Ayuba Sulaiman Diallo, ya sauko kogin Gambiya. Mahaifinsa ne ya aike shi ya sayar da bayi biyu ya sayo takarda. A hanyar komawa aka kama shi, aka sayar da shi ga kyaftin ɗin da suka yi ciniki da shi kwanakin baya. Kada malami ya tsallake wannan ɓangare don ya fi ɗaci. Aka kai shi Maryland noman taba, ya gudu, aka kulle shi, a nan wani lauya mai suna Thomas Bluett ya lura da shi. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ta faɗa hannun James Oglethorpe a Landan, wanda ya sa aka fassara ta, ya kuma tsaya aka fanso shi. A Ingila ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya taimaka wa Hans Sloane karanta rubuce-rubucen Larabci, William Hoare ya zana hotonsa a 1733 sanye da farar riga. Ya koma gida a 1734. Ɗan littafin da Bluett ya wallafa a kansa a wannan shekara yana Documenting the American South, kuma a ciki za a ga an rubuta Fabrairun 1730, saboda tsohuwar kalandar nan.

Bayan kusan ƙarni guda sai Umar ibn Sa'id, mutumin Futa Toro, wanda ya ce ya yi shekara 25 yana neman ilimi kafin a kama shi a yaƙi a kai shi Charleston a 1807. Ya gudu daga ubangida mai mugunta, aka kama shi a Fayetteville ta North Carolina, ya riƙa rubutu a bangon kurkuku da haruffan da babu wanda ya gane a garin, har wani mai suna James Owen ya ɗauke shi. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, wanda shi kaɗai ne irinsa da aka sani ya tsira a Amurka. Ɗakin Karatu na Majalisa ya saye shi a 2017, ya sa hotunan shafukansa a intanet a 2019, tare da wasu takardu masu alaƙa da shi.

An yi wa Umar baftisma a cocin iyayen gidansa, kuma masu wa'azin zamanin sun yi ta nuna shi a matsayin wanda ya bar Musulunci. Rubutun nasa kuwa da bisimilla ya fara, sai Suratul Mulk, surar da ke cewa mulki na Allah ne shi kaɗai, daga alƙalamin mutumin da doka ta ce mallakin wani ne. Masana sun rabu kan abin da yake nufi, kuma akasarin malaman Amurka ta fassarar Turanci kawai suke iya shiga muhawarar. Hannun rubutun irin na Afirka ta Yamma ne, ɗan'uwan wanda ake koya a allo daga Sakkwato zuwa Borno. Wanda ya yi tsangaya zai buɗe hoton ya bi layin da yatsa, ya ga inda tsohon ya tsallake kalma bayan shekara 24 babu malami babu abokin tilawa, ya ga inda yake ba da haƙuri cewa ya manta yawancin harshensa da Larabcinsa. Ya rasu yana bawa, gab da ƙarshen yaƙin basasar Amurka, yana da shekara fiye da 90. Shafukan da ya rubuta ba su kai 20 ba, ana iya buga su duka a shagon kwafi a raba wa aji.